Tokar Toyo

Bayan an tashi daga makokin mahaifiyata Toyo, na hau bas daga Koza zuwa Motobu, inda ƙanenta Seitoku yake da shagon taliyar soba. Ban taɓa ganinsa ba. Tun da danginta, gidan Takaesu, suka ji cewa cikin da take ɗauke da shi na wani baƙar fatar sojan Amurka ne, suka rufe mata ƙofa. Ni ce cikin, ga shi yau har na yi furfura.

Da rana tsaka na shiga, shagon cike da direbobi da masunta. Surukar Kawu, matar ɗansa, ta dube ni, ta ajiye min cokali mai yatsu maimakon tsinkayen cin abinci da 'yan gari suke amfani da su, ta fara lalube cikin Turanci.

"Huta, 'yar nan," na ce. "A tsibirin nan aka binne cibiyata. Kawo min taliya mai haƙarƙari."

Kwanon ya zo yana tururi, jar citta a sama, naman ya dahu har yana zamewa daga ƙashi. Kurɓa ɗaya na yi wa romon na gane shi. Shi ne dai wanda Inna take dafa mana a ɗakin haya, bayan ta dawo daga wanke-wanke a mashaya: ƙashin alade, busasshen kifi, gishiri kaɗan.

Da mutane suka ragu, wani tsoho ya fito daga kicin yana goge hannu. Goshinsa irin na Inna ne sak.

"Ke ce ta Toyo."

"Ni ce Rumiko, Kawu. Ta rasu."

"Mun ji."

Ya zauna nesa da ni kaɗan. Na gaya masa wasiyyarta guda ce: bayan an ƙona gawarta, a sa tulun tokarta a kabarin gida, kusa da iyayenta.

"Kabarin ba nawa ba ne ni kaɗai, na zuri'a ne," in ji shi. "'Ya mace kabarin mijinta take shiga."

"Ba ta da miji, Kawu."

"To, kin gani."

"Ita ta goya ka a kogo lokacin yaƙi. Ta ce yatsanta ta riƙa sa maka a baki don kada ka yi kuka sojoji su ji."

"Ban tuna ba. Jariri nake."

Matarsa ta leƙo daga kicin. "Ku rage murya, akwai baƙi."

Kawu ya tashi, ya dawo da wata tsoka a ludayi, ya zuba min a kwano. "Ci, kada ya huce. Kin yi tafiya mai nisa."

Na so in ture kwanon in fita. Amma tun safe ban ci komai ba, kuma babu wani wuri a duniya da zan sake samun wannan romon. Na cinye taliyar, na ɗaga kwanon da hannu biyu na shanye, yana tsaye a kaina. Har yau wannan ya fi ƙona min rai fiye da maganarsa.

Da zan fita, surukar ta biyo ni bakin ƙofa.

"Yi haƙuri, Goggo. Ban san yana da yaya ba."

A wani ɗakin ibada a Naha na ajiye tulun, a kan wata kantar ajiye tuluna, tsakanin tokar mutum biyu da ba ta taɓa sani ba. Na aika wa Motobu ranar da za a ajiye shi. Ba wanda ya zo.