Furannin Malam Maharazu

Shekara goma sha ɗaya Malam Maharazu ya yi yana koyarwa a firamaren Ƙetare, kuma shi ya shuka duk furannin da ke gaban azuzuwa. Duk baƙon da ya zo daga Ƙanƙara sai ya tsaya ya yaba.

Idan damina ta yi nisa, wani ɗan abu kan zo da hantsi. Bai kai babban yatsa ba. Ba ya sauka a kan fure, sai dai ya tsaya cak a iska, fikafikansa na rawa har ba a ganinsu, ya zura wani dogon tsinke ya sha, ya wuce. Malam Maharazu ya daɗe yana gaya wa ɗalibai cewa wannan ne autan tsuntsaye.

A shekarar da gwamnati ta buɗe makaranta kyauta ga kowa, aka turo sabon malami, Malam Sanusi, ɗan Sabuwa. Ya zo da sabon babur da agogo mai ƙyalli, ga Turanci a baki. Mako bai cika ba yara suka fara rububin ɗaukar masa jaka.

Wata Laraba malamai na tsaye a bakin ofis abin ya zo.

"Ga tsuntsuna nan," in ji Malam Maharazu.

Sanusi ya durƙusa ya duba. "Malam, a gafarce ni, wannan ai ƙwaro ne. Dangin faɗa-wuta ne, sai dai shi da rana yake fita. Dubi ƙahonni biyu a kanshi."

Hedimasta ya yi dariya. "To, Malam, yau an ƙure ka."

Malam Maharazu ya yi murmushi, amma abincin rana bai shiga ba. Matarsa Larai ta tambaye shi mi ya faru, ya ce zafi ne.

Ran Asabar, ba kowa a makaranta, ya yanko gefen tsohon gidan sauro ya laɓe bayan furanni. Sai wajen azahar ya rufe ɗaya daga cikinsu da gidan sauron. Ya kai shi inuwa ya ƙirga ƙafafu: shida. Ba baki irin na tsuntsu, sai harshe a nannaɗe kamar zare. Abin da ya ɗauka gashin wutsiya ne ya bar masa gari a yatsa. Ya sake ƙirga ƙafafun, sannan ya sake shi. Bai gaya wa kowa ba.

Da sufeton makarantu ya zo, Sanusi ya fito da 'yan aji shida gaban furannin, ya nuna musu yadda ake bambanta ƙwaron da tsuntsu. Sufeto ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce lambun Malam Sanusi abin koyi ne. Sanusi ya yi sauri ya ce ba nasa ba ne, amma mutumin ya riga ya juya wajen mota.

Ran Litinin Malam Maharazu ya zo da fartanya. Ya ce wa hedimasta rediyo kullum kira take a noma abinci, ba ado ba. Kafin a tashi ya tuge furannin kaf, ya ja kunya, ya zuba irin kuɓewa.

Sanusi ya same shi yana wanke hannu.

"Malam, in don maganar ran nan ce, wallahi ban nufi komi ba."

"Wace magana?" in ji Malam Maharazu, bai ɗago ba.

Ƙarshen shekara aka ɗauke Sanusi zuwa Faskari, mataimakin hedimasta. A wajen sallama kowa ya yi magana. Da aka zo kan Malam Maharazu, ya miƙe ya ce Sanusi yaro ne mai ilimi, ya zauna. Daga nan ya tura kekensa ya bi ta bayan masallaci, don kada su haɗu a bakin hanya.