Na'urar da Ba Ta Jin "Ba Komai"

Ni ce malamar da aka ɗora wa aikin ba 'yan ajin ƙarshe shawara kan abin da za su karanta idan sun gama sakandare. Ba don na fi kowa sani ba. An yi taron malamai ne ina gida ina fama da ciwon haƙori, wanda bai zo taro ba kuwa shi ake naɗawa. Ofishina tsohon sito ne a bayan ɗakin karatu, da tebur ɗaya, da kujeru biyu, da fanka mai girgiza kai kamar ba ta yarda da abin da ake faɗa ba.

A zangon ƙarshe aka kawo mana na'ura. Kwamfuta ce mai faɗin allo da lasifika, an sa mata manhajar da ke yi wa ɗalibi tambaya da baki, ya amsa da baki, sannan ta nuna masa bidiyon wuraren aiki da makarantun da suka dace da shi. Idan ya zaɓa, sai mahaifi ko mahaifiya su zo su amince da bakinsu, ta tura zaɓin, shi ke nan ba a sake shi. Wanda ya haɗa ta ya ce tana jin Hausa sarai, har tana gane muryar mutum idan ya dawo. Ya naɗe wayoyinsa ya tafi, lambar da ya bar mana kuma ba ta taɓa shiga ba.

Yara suka sa mata suna Gwaggo, saboda ba ta gajiya da tambaya kuma ba ta jin kunyar kowa.

Hausar Gwaggo kuwa, da ji ka san a littafi ta koye ta. Wanda ya fara zama gabanta shi ne Dogo, shugaban ɗalibai, yaro mai ladabi.

"Ina kwana, Gwaggo. Ya gajiya?"

"Batirina a cike yake."

"Madalla. Ya iyali?"

"Ban fahimta ba. Sake faɗa."

Na ce masa ya bar gaisuwa ya shiga magana. Gwaggo ta tambaye shi abin da yake so a rayuwa, ya gyara zama ya ce yana so ya ci gaba. Ta yi ɗan tunani, ta buɗe masa makarantun koyon girki. Ta tambaye shi darasin da ke ba shi wuya, ya ce yana shan wahala da lissafi. Ta ce ya rage sha, ruwa ya fi amfani ga jiki.

Wata ta ce burinta ta ci jarrabawa, Gwaggo ta gargaɗe ta cewa tawada tana ɓata ciki. Wani ya ce yana son zama babban mutum, aka nuna masa bidiyon masu ɗaga ƙarfe. Da labari ya kai kunnen shugaban makaranta, ya zo da kansa ya nuna mana yadda ake magana da na'ura. Ya yi gyaran murya, ya ce shi ne yake ɗauke da makarantar nan a kansa shekara da shekaru. Gwaggo ta yaba masa, ta ba shi shawarar aikin dako. Bai sake leƙo ofishina ba, abin da ban yi baƙin ciki da shi ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: wautar Gwaggo ta yi aikin da na kasa. Yaran nan sun saba da kewaye-kewaye, ka tambaye su su ba ka amsar da ba ta da kai ba ta da gindi. Gwaggo ba ta karɓar wannan. Dole yaro ya faɗi abin da yake nufi a fili, in ba haka ba ya tsinci kansa a makarantar girki. Dogo ya dawo ya ce mata yana son zanen gine-gine, ta shigar da shi ofishin masu zane ta allo, ya fito yana murmushi har kunne. Cikin ɗan lokaci kusan kowa ya sami hanyarsa.

Saura mutum ɗaya. Sunanta na makaranta Bakomai, don ita ce kalmar da aka san ta da ita. Ka taka mata ƙafa, ba komai. Ka ɗauki biron da take rubutu da shi, ba komai. Ranar da malamin kimiyya ya yanke a yatsa a ɗakin gwaji, ta ga jini ta zube ƙasa sumammiya. Da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, aka tambaye ta me take ji, ta ce ba komai.

Mahaifinta shi ne Mai Kemis na bakin layin makaranta. Tun tana rarrafe yake kiran ta Likita. Ya riga ya sayi farar rigar asibiti ya rataye a kanti, a bayan kwalaben maganin tari, duk wanda ya zo sayen magani sai an nuna masa. Yarinyar da ke suma in ta ga jini, ita za a tura karatun likita, kuma a ƙarshen makon za a rufe tura zaɓi. Abin yana ci min rai, don na san in aka tura, ta shiga ke nan.

Na zaunar da ita gaban Gwaggo.

"Me kika fi iyawa?"

"Ba komai."

"Ban fahimta ba. Sake faɗa."

"Ba komai."

"Ban fahimta ba. Sake faɗa."

Haka suka yi ta yi, kowace ta ƙi sauka daga kan bakanta, har haƙorina ya motsa. Na ce mata ta riƙa zuwa lokacin hutun tara ita kaɗai, ko Allah zai sa su daidaita.

Ana jibi za a rufe, na dawo daga ɗakin malamai da kofin shayina, ina isa ƙofa sai na ji ni a ciki ina magana.

"Ke yarinya, buɗe baki ki yi magana. Ni fa haƙorina ke ciwo, ba ni da lokacin wannan shirun naki."

Na tsaya cak. Na taɓa bakina, a rufe yake. Kafin in gama mamaki sai ga shugaban makaranta a ciki yana gyaran murya, yana cewa shi ke ɗauke da makarantar nan a kansa. Na waiga, ga shi can a bakin ofishinsa yana faɗa da mai shara. Daga nan sai muryar wani namiji mai kauri ta karɓe. Na tura ƙofa.

Bakomai ce zaune ita kaɗai, hannuwanta a kan cinya. A allo kuwa bidiyon ɗakin watsa shirye-shirye ne na gidan rediyo, wata mata da abin ji a kunne tana magana gaban makirufo. A ƙasa Gwaggo ta rubuta cewa wannan shi ne bidiyon da ɗalibar ta fi kallo.

"Ke da wa kuke magana?"

"Ba komai, Malama."

"Ba komai ba mutum ba ne. Ni haka nake magana?"

Ta sunkuyar da kai. Na ji haushi, don ta kwaikwaye ni daidai, har yadda nake jan numfashi ta gefen haƙorin. Da haushin ya sauka sai tausayi ya maye gurbinsa. Yarinya tana da muryar kowa a bakinta, tata ce kaɗai ba ta fitowa. Na nuna allon na tambaye ta ko wannan take so. Ta ce duk abin da Baba ya ce.

Washegari da safe Mai Kemis ya iso, yana ƙamshin man zafi, yana sauri don ya bar matarsa a kanti kuma ba ta san inda komai yake ba. 'Yarsa na biye da shi. Ko zama bai yi ba, ya yi sallama ya ce a nuna masa inda zai ce likita ya tafi.

Gwaggo ta ce, "Barka da dawowa, mahaifin ɗaliba."

Ya dube ni. "Dawowa? Malama, ni ban taɓa taka ɗakin nan ba."

"Ga bayaninka na baya," in ji Gwaggo. Ni kaina ban san tana ajiye abin da aka faɗa mata ba.

Lasifika ta yi kaki, irin kakin da duk layin ya san mai shi. Sai murya ta fito, mai kauri, tana jan ƙarshen kowace kalma.

"Likita. Na ce likita. Suma ai ba cuta ba ce, ina da maganinta a kanti, ɗaya da safe ɗaya da yamma, bayan an ci abinci. Ni ban samu na yi karatun ba, ga ni ina sayar da maganin tari. Riga kuma na riga na saya, ba a mayarwa."

Mai Kemis ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya leƙa bayan ƙofa. Ya dawo ya riƙe kujera.

"Malama, wannan ai ni ne. Har da kakin. Yaushe na zo? Ko dai yawon barci nake yi ba a gaya min ba?"

Na danne dariya har idona ya kawo ruwa. Amma lasifikar ba ta gama ba. Wata 'yar siririyar murya ta shigo, wadda da ƙyar ake jin ta.

"Baba, ni dai..."

Muryar mai kauri ta katse ta. "Ke dai me?"

Sai siririyar ta ce, "Ba komai."

Gwaggo ta cikin rikodin ta ce ba ta fahimta ba, a sake faɗa. A nan maganar ta ƙare.

Dariyata ta tafi. Mai Kemis ya juya a hankali ya dubi 'yarsa, wadda ta manne da bango tana murza gefen ɗankwalinta. Ya gane. Ni kuma a lokacin na gane wani abu da ya sa na ƙara ganin girmanta: tunda Gwaggo ta ɗauki muryar a matsayin ta mahaifi, da yarinyar ta so, da tuni ta amince wa kanta ta tura abin da ranta ke so. Ba ta yi ba.

Mutumin da ya shigo yana sauri ya ja kujera ya zauna.

"Kullum haka nake yi miki?"

"Ba ko..."

"Kar ki ƙarasa wannan kalmar. Na zauna, kanti ya jira. Ke dai me?"

Ta saki gefen ɗankwalin. Da maganar ta fito, da muryarta ta kanta ta fito.

"Aikin rediyo nake so, Baba. Jini jiri yake sa ni. Rigar nan ma, in na shiga kanti na gan ta, sai in kau da kai."

"Rediyo? Ke da ba a jin muryarki a gida?"

"A gida ai kai kake magana, Baba."

Ya shafa gemu. Sannan, don mutum ne da ba ya sayen kaya sai ya duba, ya ce to ta yi masa muryar mamanta ya ji. Yarinyar ta ɗaga kai, ta riƙe ƙugu.

"Baban Likita, wa ya sake ajiye min takalmi a bakin ƙofa?"

Mai Kemis ya zabura ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera kafin ya tuna inda yake. Ya fashe da dariya har da tari, yana share ido da bayan hannu, ya ɗauki lokaci yana sharewa bayan dariyar ta tsaya. Na juya ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

"To," ya ce a ƙarshe. "Ba komai."

"Ban fahimta ba," in ji Gwaggo. "Sake faɗa."

Ya harari allon. "Na ce ba komai."

"Ban fahimta ba. Sake faɗa."

"Malama, wannan Gwaggon taku ba ta da tarbiyya."

Na ce masa haƙuri zai yi, ba ta jin wannan kalmar daga bakin kowa, sai an faɗa mata abu a fili. Ya yi tsaki, ya ja numfashi. Bai dubi na'urar ba, 'yarsa ya duba.

"Na yarda."

Gwaggo ta karɓa nan take, ta jero makarantun koyon aikin jarida da watsa shirye-shirye. Uba da 'ya suka matso da kujeru suna dubawa, shi yana tambayar wacce ta fi kusa da gida, ita tana amsa masa da cikakkiyar magana. Ni na tsaya a tsaye, don kujerun biyu ne.

Bayan mako haƙorin ya sake tashi, na biya kantinsa neman magani. Na same shi sanye da farar rigar, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, maɓallan ciki sun ƙi haɗuwa. A kan kantar shagon, inda kwalaben maganin tari suke a da, ya ajiye sabon rediyo yana murɗawa, sai ƙara yake yi. Na tuna masa cewa yarinyar ko jarrabawar fita ba ta rubuta ba tukuna.

"Na sani," ya ce, bai ɗago kai ba. "Koyon saurare nake yi tun yanzu. Ɗaya da safe ɗaya da yamma, Malama, bayan kin ci abinci."