Usur Kafin Ganin Ƙwallo

Tun kafin a fara wasan, irin ƙwallon nan da ake ɗauka a hannu a ruga da ita, Koci Tillman ya ja alƙalin wasa gefe. "Yallaɓai, yaran makarantarmu ba jifan ƙwallo suke yi ba, ɓoye ta suke yi su ruga. Don Allah kada ka hura usur sai ka gan ta da idonka."

Alƙalin ya yi dariya. "Koci, tun kana goye nake wannan aikin."

To ga shi lokaci ya kusa cika, yaran Tillman ne a baya a maki, dama ɗaya ta rage musu. 'Yan kallo duk sun miƙe tsaye.

Beau, mai rabon ƙwallo, ya cusa wa ƙaton Odell ita a ciki, ya zare a ɓoye ya miƙa wa Lamar. Odell ya rungume iska ya afka tsakiya, abokan hamayya suka yi masa rubdugu. Can gefe Lamar ya manne ƙwallo a cinya yana sheƙa gudu, ba kowa a gabansa.

Sai usur ya tashi. Lamar ya tsaya cak.

Alƙalin ya ɗaɗɗaga yara yana neman ƙwallo, Odell ya buɗe masa hannuwa, wayam. Ya tako wurin Tillman yana sosa ƙeya. "Kuskurena ne, Koci, na zaci tana hannun Odell. Doka ta ce a sake."

Tillman ya hango kocin hamayya yana nuna wa yaransa Lamar da yatsa.

"A sake?" ya ce wa alƙalin. "Wa ya rage da zan ruɗa, in ba kai ba?"