Sukarin da Kiyashi Suka Ƙi

Kek ɗin da ya fara ba ni kunya ranar wata Laraba ya fito. Na buɗe obin da murmushina, sai na tarar tsakiyarsa ta lotsa kamar wani ya zauna a kai. Na ce to, ko gwani yakan yi tuntuɓe. Na yanke gefe-gefen da suka yi dama-dama na kai wa Mai Kanti, tsakiyar kuwa na cinye abina a tsaye, don a gidanmu ba a zubar da abinci.

Mai Kanti ita ce matar da ke da shago a bakin ƙofar makarantar unguwarmu. Ita kaɗai ke sarar kek ɗina, kullum tire guda, ta yayyanka ta sayar wa malamai da iyayen yara. Kafin ni, a wajen Ummata take ɗauka. Da Umma ta rasu na gaji obin ɗin, na gaji babban kwanon kwaɓi mai lanƙwasasshen baki, na gaji Mai Kanti. Sikeli ne kawai ban gada ba, don Umma ba ta taɓa mallakarsa ba. Cewa take, "Harshenki ne sikelinki." A lakato kwaɓi da yatsa kafin a fasa ƙwai, a sake lakatowa bayan fulawa, a kuma ɗanɗana kafin a juye a gwangwani. Haka na tashi na gani, haka nake yi.

Kek ɗin da ya biyo bayan na Larabar ya fito fari fat, kamar bai ga wuta ba. Na bayansa ya ƙi tashi, ya daskare, wuƙa ma sai da na danna da hannu biyu. Wani kuma ya yi kyau a ido, amma da ya huce sai ya bushe ƙamas, in ka tauna ka ji yana ƙaras-ƙaras, ga wani sanyi-sanyi da yake bari a harshe kamar man goge baki.

"Ba na son in ɓata miki," in ji Mai Kanti, tana juya wani yanki a hannu. "Amma jiya wata malama ta dawo min da nata. Kin san akwai yarinyar can ta bayan masallaci mai yin kek, kullum sai ta aiko min da ɗanɗano. Don darajar Ummanki nake cewa a'a. Ki gyara hannunki zuwa Litinin. In na Litinin ya fito haka, to sai haƙuri."

Wallahi maganar ta yi min zafi. Ba don cinikin ba. A ce kek ɗin gidanmu ya bar kan teburin nan a hannuna, abin da Umma ta riƙe har tana jan ƙafa? Ina! Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Da obin na fara. Na kira mai gyara, ya kwance, ya hura, ya leƙa, ya ce, "Wannan obin ɗin sai ya binne ni." Na sauya bekin foda, hodar da ke sa kek tashi. Na daina sayen ƙwai wajen mai ƙwan da na saba, bayan na gaya masa maganar da har yau in ya hango ni sai ya kau da kai. Na tankaɗe fulawa har hannuna ya yi tsami. Duk a banza. Kullum jiya ta fi yau, ni kuma kullum ina tsaye a gaban tire ina cin kunyata loma-loma, don kada kowa ya gani a kwandon shara. A cikin wannan jelen ne ma wani gwangwani mai zafi ya suɓuce ya faɗo min a babban yatsan ƙafa. Na shafa man zafi, na sa safa, na ci gaba da harkata.

Maigidana, wanda duk unguwa ke kira Dokta, ba likita ba ne. Magani yake sayarwa a kyamis ɗin bakin titi, amma sunan ya bi shi har ni ma na kama. Mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. In ya dawo ya tarar da ni ina huci, sai ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Mai Kek, yau ma?"

"Yau ma. Ka ji daɗi?"

"Ki rage ci dai. Ga na'urar nan na kawo tun yaushe, ɗigon jini ɗaya ne kawai."

"Ka ajiye na'urarka. Ni kek ɗina ne ba shi da lafiya, ba ni ba."

Tun da ciwon suga ya tafi da Umma yake bina da wannan na'ura kamar mai tallan turare. Sai ya kalli safata, ya kalli tire, ya wuce ɗaki.

To da na gama da obin da ƙwai, sai hankalina ya koma kan mutane. Wa ke shiga kicin ɗina? Maman Biyu. Ƙofarta na kallon tawa, kuma a wajenta nake ajiye makullinmu na biyu. Mace ce mai son mutane, amma akwai tambaya. "Kofi nawa kike sawa? Bota wane iri? Ashe ba kya awo?" Da can dariya nake yi. Yanzu da na zauna na tuna, sai kowace tambaya ta yi min nauyi. Sannan na tuno yarinyar bayan masallacin nan ai 'yar ƙawarta ce. Tab! Biri ya yi kama da mutum.

Da ta shigo aron rariya, ban ce mata ta zauna ba. Ta leƙa tire ta ce, "Ayya, ko baki ne ya kama ki? Ki riƙa addu'a."

"Ina yi," na ce. "Har da ta neman tsari daga na kusa. Af, makullin nan namu, ki ba ni, zan sauya masa zobe."

Ta dube ni, ta dubi rariyar, ta ajiye ta a kan tebur ta fita. Ba a jima ba ta turo makullin ta ƙarƙashin ƙofa. Raina ya ɗan sosu, amma na ce gara haka.

Washegari kek ya fito ya fi na kullum muni.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaune a ƙasan kicin, na rasa abin da ke min daɗi, sai idona ya kai gindin kanta. Wajen ɗiban sukari na zubar da kaɗan, ban share ba. Ga layin kiyashi ya fito daga tsagar bango kamar kullum. Na zuba musu ido ina jira su yi masa rubdugu. Sai na ga na gaba ya iso, ya taɓa ƙwaya ɗaya, ya yi baya, ya kewaye. Na bayansa ma haka. Duk layin ya lanƙwasa ya bar farin abu a zube, suka nufi wani ɓarɓashin burodi can gefe.

Kiyashin gidana, da sai na ɗora robar sukari a cikin faranti mai ruwa don tsabar naci? Na tuna rabon da in tsinci ko ɗaya a bakin murfin har na manta. Na lashi abin da ke cikin robar. Zaƙi kam akwai, har da wannan sanyin na man goge baki.

Na zari mayafi na je na sayo sukari a wani shago mai nisa, na ɓoye shi a cikin kayan sawata. Na kwaɓa ɗan ƙarami na gwaji. Ya tashi, ya yi ja, ƙamshi ya cika gidan har na ji hawaye. Ashe hannuna lafiyarsa ƙalau. Wani ne ke zuba min wani abu a roba, kuma makulli biyu duk suna cikin gidan nan.

Ban nuna na gane ba. Ranar Asabar na wanke robar na cika ta da sukarin gaske, na ajiye a inda take. Na ce wa Dokta zan je gidan yayata, sai yamma. Muka fita tare, ya yi hanyar kyamis, ni kuma na kewaya ta bayan layi na dawo, na shige sito na janyo ƙofa, na bar 'yar kafa. Na zauna a kan buhun fulawa, ƙafata na zogi, ina ta addu'ar Allah ya sa aljani ne.

Wajen azahar na ji makulli. Takun da na sani ne, mai jan dunduniya. Ya shigo kicin da leda a hannu, ya buɗe robar, ya juye sukarina a wata jaka, ya farke wani farin fakiti mai hoton ganye ya zazzage a ciki. Har da girgizawa yana daidaita saman, munafuki, ya goge murfin da gefen rigarsa.

Na turo ƙofa. "Sannu da aiki, Dokta."

Fakitin ya faɗi. Bai ma yi ƙoƙarin ƙarya ba.

Abin da na gaya masa ba zai maimaitu ba. Na ce na zagi mai ƙwai saboda shi. Na wulaƙanta Maman Biyu saboda shi. Na ce yana kallo ina zubar da mutuncin Umma a gaban Mai Kanti, yana tsaye a ƙofa yana ce min "yau ma?" kamar na Allah. "In sana'ar ce ba ka so, ba ka da baki? Sai ka bi ta bayan gida kamar ɓera?"

"Na masu ciwon suga ne," ya ce a hankali. "A jikin fakitin an ce daidai yake da sukari, cokali da cokali. Da kaɗan na fara haɗawa. Da na ga ba ki gane ba sai na ƙara. Na ɗauka zaƙi kawai sukari ke bayarwa, wallahi ban san shi ke riƙe kek ba."

"Da ka ga yana lalacewa fa? Makaho ne kai?"

"Na gani. Na kuma ga duk wanda ya lalace ke kike cinye shi. Sai na ji tsoron in mayar da na gaske." Ya sunkuya ya ɗauki fakitin. "Na yi laifi. Amma ki cire safar nan."

"Me ya haɗa safa da wannan magana?"

"Mai Kek, ni na riƙa wanke wa Umma ƙafa. Ke ba ki iya kallo, fita kike yi. Da 'yar ƙuna a yatsa ta fara, ita ma safa ta sa. Kina tashi shan ruwa kamar raƙumi, kin rame, yanzu kuma ga ɗingishi. Na roƙe ki ɗigon jini ɗaya kin ƙi. Ki ce min ciwon nan ya warke, in je in durƙusa wa Mai Kanti da kaina."

Ciwon bai warke ba. Kullum da safe sai na jiƙa safar da ruwan ɗumi kafin ta saki fatar, kuma ba na kallon wurin. Haushinsa nake ji har wuya, ga tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da aka fito da Umma daga ɗakin tiyata zani ya kwanta shafal a inda ƙafarta take a da. Na zauna a kan kujerar kicin na miƙa masa ƙafar. Ya zare safar a hankali, ya duba ciwon. Ya kawo na'urar, na ba shi yatsa. Lambar da ta fito bai faɗa min ba, cewa kawai ya yi, "Litinin da safe, asibiti."

"Bayan na kai kek," na ce.

Ranar Lahadi na ƙwanƙwasa ƙofar Maman Biyu da makulli a hannu. Ta bar ni a tsaye na gama ba da haƙurina tas, sannan ta ce, "Zoben da kika sauya ɗin ina yake?" Na ce ta yi min rai. Ta karɓa, amma ba ta ce in shigo ba, kuma ban ga laifinta ba.

Litinin da sassafe na juye sukarin gaske a kwanon Umma. Na buga bota har ta yi fari. Hannuna da kansa ya tafi, yatsa ya lakato kwaɓi ya nufo bakina. Dokta na tsaye a ƙofa yana kallona. Na tsaya da yatsan a sama. Ƙamshin na shiga hancina, yawuna ya tsinke.

"Zo nan," na ce. "Tunda kai ka jawo. Buɗe baki."

Ya lasa, ya lumshe ido kamar mai nazari. "Da daɗi."

"Da daɗi! Ji min mutum. Zaƙin ya tsaya a gaban harshe ne, ko ya kai maƙogwaro?"

Ya sake lasa. "Ina jin... bai kai ba."

Na ƙara rabin kofi ina harararsa. Ko daidai ya faɗa ko shirme, oho, ba ni da hanyar sani.

Kek ya tashi, ya yi ja, tsakiyarsa ta tsaya cak. Na yanke gefe-gefen, na tura masa farantin ɓarɓashin ba tare da na kalla ba. Muka fita, shi ɗauke da tire, ni da silifas, ƙafa ɗaya naɗe da bandejin da ya ɗaura min.

Mai Kanti ta danna saman da yatsa, ya dawo. Ta gutsuri gefe ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Ya yi," ta ce. "Zaƙin ya ɗan fi na da, amma ya yi. Gobe ki kawo. Ke ya kika ji shi?"

Na kalli tiren. Tun ina tsayawa a kan kujera don in kai bakin kwanon Umma, babu kek ɗin da ya taɓa fita daga gidanmu ban san ɗanɗanonsa ba.

"Ban sani ba," na ce. "Ki riƙa gaya min."

Ta dubi ƙafata, ta dubi Dokta da ke tsaye a bakin titi yana tsayar mana da mota. Ta ja tiren ta fara yankawa.