Safar Baba Direba

"Ta sake zamewa, Anti," in ji 'yar Baba Direba, tana tsaye a ƙofar ɗakin Mai Saƙa da safar a hannu. "Da ya ɗan motsa sai ta faɗi."

Mai Saƙa ta karɓa ta jujjuya ta. Sati biyu ke nan da ta rage mata faɗi, ga shi ta sake yi masa yawa. Ta ɗauki kwarashinta, ta zura takalmi ta bi bayanta.

Ɗaki uku ne tsakaninsu a gidan hayar. Shekara talatin Baba yana jan babbar mota kafin ciwon suga ya ci masa ƙafar dama, likitoci suka yanke ta daga gwiwa. Ko ana zafi dungun sanyi yake ji, safar kanti kuwa robarta tana cin fatarsa. Shi ya sa Mai Saƙa ta zazzage buhun guntayen ulun da suke rage mata daga hulunan jarirai, ta ƙuƙƙulla su, ta saƙa masa wadda ba ta matsewa. Ja ne, kore ne, ruwan hoda ne, babu kalar da ta kai yatsa uku ba ta ƙare ba.

Ta same shi kwance a katifa, ɗakin yana warin magani, keken guragunsa a naɗe a bayan ƙofa, ƙura ta hau kujerarsa.

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Jiki ga shi nan. Zaren nan naki ne ba shi da amana, 'yata, kullum sai buɗewa yake yi."

"Haka ne, Baba. Laifin zaren ne."

Ta zauna a bakin ƙofa tana warware bakin safar. 'Yar ta zagaya dungun da igiya ta miƙo mata awon. Mai Saƙa ta kalli igiyar, ta ga dungun ne ya ƙara ramewa, ta yi sauri ta dunƙule ta a hannu.

"Ki tanadi wasu guntayen," in ji shi, idonsa a silin. "Ranar Talata za su cire ɗayar."

Kwarashin ya tsaya.

"Ta dama ta tafi da birki da totur, yanzu kuma kuloci. Motar da ba ta da waɗannan ai sai a jingine ta."

Ya yi 'yar dariya shi kaɗai. 'Yarsa ta ɗauki bokiti ta fita, alhali bokitin cike yake.

Tun ranar Mai Saƙa ta ajiye aikin mutane ta kama safa ta biyun. Guntayen da suka rage ƙanana ne sosai, ƙulli ya fi saƙa yawa, kuma kowane ƙulli sai ta tura shi ta waje don kada ya taɓa masa ciwo. Ranar Talata da safe maƙwabta biyu suka ɗauke shi zuwa mota. Da suka zo wucewa ta ƙofarta ya ce, "Kada ki sa ruwan hoda da yawa."

Ranar Alhamis da la'asar, saura kaɗan ta gama, 'yar ta shigo gidan ita kaɗai, da kayansa a leda. Ta zauna a dandamalin Mai Saƙa ba sallama.

"Bai farfaɗo ba, Anti."

"Allah ya jiƙansa." Mai Saƙa ta ajiye kwarashin. "Sun riga sun cire?"

"Sun cire. Ni na sa hannu a takardar. Da na bar masa abarsa."

Mai Saƙa ta matso kusa da ita. Ta riƙe mata hannu har aka zo aka kira 'yar.

Bayan kwana huɗu mai gidan ya sa aka yi wa ɗakin Baba fenti. Mai Saƙa tana jin ƙarar jan bokitin mai fentin ta zare kwarashin daga saƙar, ta ja bakin zaren. Layi bayan layi yana warwarewa, yana taruwa a cinyarta. Ta kama wani guntu kore ta miƙar da shi tsakanin yatsunta. Tana saki ya koma ya lanƙwashe yadda saƙar ta bar shi.