Bijiman da Suka Koma Cin Ƙashi

Bubayero mutum ne da in ya ce a'a, ko liman ya tako har gida ba ya sakewa. Bijimai goma sha biyu yake kiwatawa a bayan Katagum, daf da kogi, don ya kai su kasuwar kara in sun yi ƙiba. Su ne duk abin da ya mallaka a duniya.

A ranin 2005 ya shiga Azare sayen maganin tsutsa. Chidiebere mai shagon maganin dabbobi ya ɗora masa wani jan dunƙulen gishiri a kan teburi.

"Alhaji, ciyawar rani ba komai cikinta. Ajiye musu wannan su riƙa lasa."

"Me aka sa ciki?"

"Gishiri, da sinadarai, da garin ƙashi."

"Ƙashin me?"

Chidiebere ya juya kwalin gishirin, bai ga an rubuta ba. Shi kuwa Bubayero ya taɓa ji a kasuwa wai na alade ne. Ya ture dunƙulen da bakin sanda. "Kanwa sau ɗaya a shekara ta ishi shanun ubana. Nawa ba za su ci ƙashi ba."

Da zafi ya tsananta, bijiman suka fara abin da bai gane ba. Suka lashe gindin bishiya har ya yi santsi. Suka cinye sabulun matarsa Saudatu, da tsumman da ta shanya. Ya yi ta faɗa da ita kan sakaci, baiwar Allah.

Wata rana da tsakar rana ya neme su a bakin ruwa ya rasa. Sawunsu ya kai shi kwarin da makiyaya ke jefa mushe. Tun daga nesa ya ji ƙurus, ƙurus. Suna tsaye sun yi da'ira, babu mai kuka, babu mai kaɗa wutsiya, kowanne yana tauna ruɓaɓɓen ƙashin ɗan'uwansa. Babban jan bijiminsa ya ɗago, haƙarƙari ya leƙo ta gefen bakinsa kamar asawaki. Bubayero ya daka tsawa, ya zuba musu sanda. Ba su gudu ba. Suka tako a hankali suka kewaye shi, suna lasar gumin hannunsa da wuyansa. Tun da aka haife shi bai taɓa tsoron saniya ba sai ranar.

Kwana huɗu bayan nan suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Babu zazzaɓi, babu zawo. Ido a buɗe yana bin mutum, harshe ya zazzago waje. Saudatu ta ce aljanun kwarin ne, aka yi hayaƙi, aka ɗura rubutu. Takwas suka mutu.

Sai a lokacin ya hau mota zuwa Azare. Chidiebere ya saurara, ya girgiza kai.

"Abin da jikinsu ya rasa suka je nema. Amma ruɓaɓɓen ƙashi akwai guba. In harshe ya faɗo, Alhaji, ba ni da magani."

Duk da haka Bubayero ya sayi dunƙulen, ya rungumo shi har gida. Cikin huɗun da suka rage, jan bijimin kaɗai ya tarar da sauran numfashi. Ya ajiye masa gishirin a gaban hanci. Bijimin ya shaƙa, idonsa ya tsaya a kai, amma harshen na kwance a ƙasa, ƙudaje na hawa. Bubayero ya durƙusa, ya kama harshen da hannunsa yana goga shi a jikin gishirin, yana kuka kamar ƙaramin yaro.