Hular Limamin Jufita

Mamerkus na hawa matakalar haikali yana sassauta igiyar hularsa da ɗan yatsa, a ɓoye. Kowa a Rum ya san dokar: in hular limamin Jufita, babban abin bautar Rumawa, ta faɗi yana tsakiyar yankan hadaya, to ya sauka daga muƙami. Shi kuwa abin da yake nema ke nan ido rufe.

Tun yana saurayi aka ɗora masa limancin, kuma ya gaji. Ba ya hawan doki, ba ya kwana a wajen gari, wake kuwa ko sunansa an hana shi ambata. Ga ƙamshin wake da man zaitun kullum yana tasowa daga gidan maƙwabta, har yakan ji kamar ya fashe da kuka.

Matarsa Postumiya ce ba ta gaji ba. Ina za ta gaji, ita da ake buɗe wa hanya a kasuwa? Da safen nan ma da hannunta ta sa masa hular, ta danna, ta ƙara dannawa, har ya yi mamakin wannan sabon ladabi.

Aka jawo farin bijimin da za a yanka, mai sarewa ya fara busa. Mamerkus ya sunkuya zai yayyafa gari da gishiri, ya zarce da sunkuyon har goshinsa ya kusa taɓa ƙaho. Hula ko gezau. Ya girgiza kai kamar mai korar ƙuda. Iska ta taso ta yaye mayafan 'yan majalisar da suka zo kallo, hula tana nan daram. Wani tsoho a cikinsu ya raɗa wa na kusa da shi cewa bai taɓa ganin limami mai tsoron alloli irin wannan ba, har jikinsa rawa yake yi.

Da ya koma gida ya fizge hular, sai ta taho da gashi. An shafe cikinta da ƙaro.

"Postumiya! Aikinki ne wannan?"

"Maigida, ran da ka ga hular nan a ƙasa, to kanka na ciki," in ji ta, tana ɗebo ruwan ɗumi. "Hanya ɗaya ta rage maka. Doka ta ce ran da na mutu ka sauka. Sai ka jira."

Ya zauna tana jiƙa masa kai a hankali, tana hura inda fatar ta ɗaye. Ƙamshin wake ya shigo ta taga.

"Rufe tagar nan," ya ce, "kada sanyi ya kama ki."